Wa aka tasa kafin a shuka alkamar Goessel?

A jihar Kansas ta Amurka akwai wani labari da ake yawan ba yara. Wai a shekarar 1874, can a yankin Kirimiya, wani magidanci da ke haramar ƙaura ya zaunar da 'yarsa Anna Barkman, yarinya mai shekara takwas, ya ce ta tsince masa irin alkama ƙwaya-ƙwaya: ja, mai nauyi, mai tauri, duk wadda ta motse ko ta koɗe a ture ta gefe. Yarinya ta yi kwanaki tana tsinta har ta tara 'yan kwanoni. Aka ƙulle a cikin kaya, aka haye teku da shi, aka shuka a sabuwar ƙasa. Daga wannan ɗan ƙulli ne, in ji masu labarin, Kansas ta zama rumbun alkamar Amurka.

Ina son labarin nan, don na san irin wannan zaman. Goggona, Allah ya jiƙanta, ita ake ba aikin alkaki in za a yi biki a gidanmu, kuma ba ta yarda a kai alkamarta inji sai ta bi ta da kanta a faifai. Ta miƙe ƙafa a tabarma, ta ɗan karkata faifan, yatsanta na tura tsakuwa da ƙaiƙayi gefe guda, tana yi tana mita wai alkamar yanzu ba ta da ƙamshin ta fadama. In ka ce za ka taya ta, ba ka cika minti goma wuyanka ya ƙage. Saboda haka duk lokacin da na tuna Anna, Goggo nake gani.

Sai dai masana tarihin Kansas da kansu sun daɗe suna cewa labarin ya fi kusa da tatsuniya. 'Yan kwanoni ba sa cika jiha. A shekarun farko baƙin nan masara suka fi shukawa, da alkama mai laushi irin wadda suka tarar a wurin. Jar mai taurin, wadda ake kira Turkey Red, ta ɗauki fiye da shekara goma kafin ta kama ƙasa, kuma masu injin niƙa ne suka riƙa odar irinta da yawa daga Rasha daga baya. Ni ban ga laifin garin da ya yi alfahari da waɗanda suka sare shi ba. Abin da nake ja da shi shi ne tarihin da ake tsayarwa a kan gumi kaɗai, a ce mutane sun zo daji babu kowa, sun duƙa, Allah ya ba su. Irin wannan tarihi yana da daɗin ji, amma yana ɓatar da mai neman darasi, kuma na ga ana dukan manomanmu da shi.

Bari mu ɗauki ƙauye guda, Goessel, a gundumar Marion, gundumar da iyayen Anna ma suka sauka. Yau mutanensa ba su wuce 550 da 'yan kai ba. Waɗanda suka kafa shi Menonawa ne, wato Kiristoci mabiya koyarwar Menno Simons, wani limamin coci ɗan Holan na ƙarni na 16. Sun haramta wa kansu ɗaukar makami da yin rantsuwa, kuma wannan aƙida ta hana su zama wuri ɗaya da kwanciyar hankali. Daga Holan suka gangara bakin kogin Vistula, inda yake Folan a yau. Daga nan suka nufi kudancin Rasha, wato Yukren ta yanzu, bayan sarauniya Katarina ta yi shela a 1763 cewa baƙi manoma su zo, za a ba su ƙasa kuma ba za a sa su soja ba. A 1821 wani rukuninsu ya kafa ƙauyen Alexanderwohl a yankin Molotschna. Bayan shekara hamsin gwamnatin Rasha ta sauya magana, aka kawo dokar tilasta wa kowane namiji aikin soja a 1874. Kusan Menonawa 18,000 suka tattara nasu ya nasu suka nufi Amurka da Kanada a cikin waɗannan shekaru. Mutanen Alexanderwohl kuwa kusan ƙauyen ne ɗungurungum ya tashi, da dattijon cocinsu Jacob Buller a gaba.

Sun iso Kansas a ƙarshen damina ta 1874, shekarar da fara ta yi wa jihar cin kaca. Waɗanda suka gani sun ce tana rufe rana kamar hadari, ta cinye shuka, ta cinye ɓawon itace, har tufafin da aka shanya ba ta bari ba. Manoma da yawa da suka riga su zuwa sun karaya, suna sayar da shanu da garma a wulaƙance don su koma gabas. Faɗuwar wani tashin wani: baƙin nan sun zo da kuɗin gonakin da suka sayar a Rasha, suka saya da araha.

Ga kuma abin da labarin Anna ba ya faɗa. Tun 1863 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar ba kamfanonin jirgin ƙasa fili a Kansas in sun shimfiɗa dogo, kuma kamfanin Santa Fe ya tashi da kusan eka miliyan uku. Kamfani ba ya cin ƙasa, manoman da za su cika masa taragu da hatsi yake nema. Shi ya sa ya ɗauki wani Bajamushe, C. B. Schmidt, aikinsa kawai zawarcin Menonawa, har Rasha ya bi su. Aka sayar musu da fili kusa da juna yadda za su zauna a matsayin jama'a ɗaya, da sauƙin biya na shekaru. Kamfanin ya gina wa mutanen Alexanderwohl dogayen gidaje biyu na katako inda iyalai da dama suka cunkusu suka yi sanyin farko, kowane iyali da ɗan lungunsa da akwatunansa. Majalisar jihar Kansas ita ma, don kada jihohin maƙwabta su kwashe su, ta yi doka a 1874 ta ɗauke wa masu irin aƙidarsu aikin soja na jiha. Abin da ya koro su daga Rasha aka warware musu tun kafin su sauke kaya.

Ita kanta alkamar ba ta yi farin jini nan da nan ba. Ana shuka ta ne da kaka, ta tsiro, ta kwanta a ƙarƙashin dusar ƙanƙara, ta farka in sanyi ya wuce, a girbe ta a watan Yuni kafin zafi ya tsananta. Ta dace da ƙasar ƙwarai. Amma tana da tauri, dutsen niƙa na wancan zamani ba ya fitar da farin gari daga cikinta, don haka masu saye suna rage mata kuɗi. Sai da injin niƙa mai naɗin ƙarfe ya bazu a shekarun 1880 sannan ta samu kasuwa. Bernhard Warkentin, Bamenone mai injin niƙa a Halstead da Newton, yana cikin waɗanda suka kawo irin da yawa daga Rasha suka raba wa manoma. Ma'aikatar gona ta Amurka ta tura masaninta Mark Carleton Rasha a 1898 neman iri. Kwalejin aikin gona ta jihar, wadda aka kafa a 1863, ta zaɓo wani iri daga cikin na Kirimiya ta fitar da shi da sunan Kanred a 1917. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wannan jinkar hannun gwamnati da na kamfani da na malaman bincike duk suna ƙarƙashinta.

Ba na rage wa mutanen nan komai. Sun fasa ƙasar da garma ba ta taɓa shiga ba, ciyawa mai saiwa kamar igiya. Sun ƙona busasshiyar ciyawa da kashin dabbobi saboda babu itace. Sun binne 'ya'ya. Sun sassaƙa duwatsu masu haƙora da doki ke ja a kan zangarniya don a casa, irin waɗanda suka saba da su a Rasha. A 1886 suka gina babban cocinsu, wanda har yau yana tsaye a arewa da garin. Lokacin yaƙin duniya na farko maƙwabtansu sun tsangwame su saboda suna Jamusanci kuma sun ƙi yaƙi. Noma na duƙe tsohon ciniki, a ko'ina yake ba wasa ba ne.

Amma filin da Santa Fe ta sayar musu, daga hannun wa ya fito?

Sunan jihar kansa, Kansas, sunan wata ƙabila ce, Kansa ko Kaw. Wannan sarari da ya zama gonakin alkama yana cikin wuraren da suke bi zuwa farautar ɓauna, su da wasu ƙabilu irin su Osage. Yarjejeniya bayan yarjejeniya, a 1825 da 1846 da 1859, aka yi ta yanke musu ƙasa har aka matse su a wani ɗan yanki kusa da Council Grove, a gundumar da ke maƙwabtaka da Marion. Da wakilin gwamnati ya zo ya gaya musu nan ɗin ma za su tashi, shugabansu Allegawaho ya ce ana yi musu kamar garken talotalo: a kora su, su tashi su sauka a bakin wani rafi, kafin su natsu a sake zuwa a kora su gaba. A watan Yuni na 1873 aka tasa ƙeyarsu zuwa inda ake kira Oklahoma a yau. Ba su kai mutum dubu ba a lokacin, yunwa da cuta sun riga sun ci sauran. A daidai waɗannan shekaru ne kuma mafarauta 'yan kasuwa suke karkashe ɓauna don fata. Shekara ɗaya tak tsakanin fitar Kaw da shigowar mutanen Alexanderwohl. Dajin da suka tarar babu kowa, sharewa aka yi.

Kuma ba wannan ne karo na farko da suka gaji wurin wasu ba. A Molotschna ma, filin da gwamnatin Rasha ta ba kakanninsu makiyayar Nogai ce, wasu Musulmi masu kiwo, waɗanda aka yi ta matsa musu har yawancinsu suka yi ƙaura zuwa daular Usmaniyya wajen 1860. Mutanen da suka ƙi ɗaukar bindiga, sau biyu suna zama a inda bindigar wani ta buɗe musu. Ba su suka kora ba, na yarda. Amma su suka girba.

Wani zai ce to mene ne amfanin tone-tone, abin da ya wuce shekara 150? Amsar tana cikin wani dutse. Kaw suna da wani jan dutse mai alfarma a wurinsu, nauyinsa ya haura tan 20, a bakin kogin Kansas, inda suke zuwa addu'o'insu. A 1929 mutanen birnin Lawrence na jihar Kansas suka ɗauke shi da jirgin ƙasa, suka kafa shi a dandali, suka manna masa allon tagulla mai ɗauke da sunayen Turawan da suka sari birnin. Abin ibadar waɗanda aka kora ya zama abin tunawa da waɗanda suka gaje su, kuma kusan shekara 94 yana nan mutane na wucewa ba wanda ya ji komai. Sai da jikokin Kaw suka nema a rubuce, hukumar birnin ta nemi gafara a 2021, aka ɓalle allon, aka mayar da dutsen a 2023 zuwa filin ƙabilar kusa da Council Grove. Ba wanda ya rasa gonarsa saboda wannan. Abin da ya ƙaru kawai shi ne yaron da ya tashi a Lawrence yanzu ya san akwai mutane kafin kakansa.

Duk da haka, in aka zo maganar adana tarihi, sai na sara wa Goessel. Ƙauyen da bai kai wata unguwa a Kura yawan jama'a ba yana da gidan tarihi tun 1974, lokacin cikarsu shekara ɗari. Sun gina kwatankwacin wancan dogon gidan katako na farko. Sun tara garmuna da injinan casa na dā. Akwai wata babbar ƙararrawa da mutanen garin suka saƙa da karan alkama a 1976. Duk watan Agusta suna bikin casa, a tayar da tsofaffin injina masu hayaƙi, jikoki su ga yadda aka yi. Har sunan garin sun san asalinsa: a 1895 da ake neman sunan da za a ba gidan waya, aka ɗauko na Kurt von Goessel, kyaftin ɗin jirgin ruwan Elbe da ya nutse tare da jirginsa a wannan shekara. Wanda ya ajiye rabin tarihi da takardunsa yana da inda zai ɗora ragowar rabin. Mu fa?

Na ce mu, don zancen bai yi mana nisa kamar yadda ake zato ba. Najeriya ta yi shekaru tana cikin manyan masu sayen jar alkama mai tauri daga Amurka, wato zuriyar Turkey Red. Burodin da mai shayi ke yanka maka da safe, sau da yawa daga irin waɗannan gonaki fulawarsa ta fito. Har a gona ma akwai dangantaka. Gajeriyar alkamar Japan da ake kira Norin 10 tana da jinin Turkey Red, da ita kuma masanin noma Ba'amurke Norman Borlaug ya haɗa irin Meziko masu yawan amfani, kuma daga cikinsu ne aka kawo irin su Siete Cerros aka shuka a Kadawa, yankin noman rani na jihar Kano. Ga wani abin mamaki: madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina zamanin Audu Bako don ta shayar da Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, an kammala ta a 1974, shekarar da Goessel ke bikin cika ɗari.

Kwanakin baya a majalisarmu wani abokina ma'aikacin banki, bayan ya gama kukan tsadar burodi, ya ce, "Malam, gaskiya mutanenmu ne ba sa son wahala. Dubi Bature, ya je daji da hannu biyu ya mayar da shi gona yana ciyar da duniya. Mu an gina mana dam, an kawo ruwa har gindin gona, amma alkama ta gagara."

Na ce masa, "Alhaji, wane Baturen ne ya je da hannu biyu?"

Kakanninmu suna noman alkama a fadamu da jigo tun kafin Bature ya san hanyar Kano. Sunanta ma daga Larabci ya zo, kuma taliya da alkaki da alkubus da funkaso da gurasa shaida ne cewa ba baƙuwa ba ce. Amma ita 'yar sanyi ce. A wurinmu hunturu kaɗai take da shi, daga Nuwamba zuwa Maris, in ka yi lattin shuka zafi ya riske ta tana fitar da kai, ka tashi da rabin abin da ka sa rai. Manomin da taki ya iso masa a makare, ko aka rufe ruwa ana gyaran magudana a lokacin da ya kamata ya shuka, in ya koma tumatir ko shinkafa lissafi ya yi. A 1987 gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama, manoma a Kano da maƙwabta suka rungume ta, farashi ya yi kyau. Shekara biyar zuwa shida aka janye haramcin, ta waje ta sake cika kasuwa, aka bar su da buhuna. Manomin Kansas ya samu dogo a bakin gonarsa, da mai injin niƙa da ke jiran hatsinsa, da kwalejin da ke gyara masa iri shekara da shekaru ba yankewa. Namu yana da Cibiyar Binciken Tafkin Cadi a Maiduguri da ke fitar da iri masu jure zafi, amma tsarin da ke kewaye da shi yana sauyawa da sauyin gwamnati. Da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta auna a 2021, abin da muka noma bai kai tan 40,000 ba, alhali muna shigo da miliyoyin tan. Wanda ya kalli wannan ya ce lalaci ne, tatsuniyar Anna ce ke magana da bakinsa.

Ɗaya ɓangaren ma muna da namu. Tafkin Tiga ya kwanta ne a kan gidaje da gonaki da maƙabartun dubban mutane da aka tasa. Can ƙasa, a dausayin Haɗeja da Nguru, ambaliyar da masunta da makiyaya da masu noman shinkafa suka dogara da ita ta ragu. A Bakolori, kusa da Talata Mafara, manoman da suka tare hanya suna neman diyyar gonakinsu sun gamu da 'yan sandan kwantar da tarzoma a watan Afrilu na 1980, aka kashe mutane. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Duk wanda zai rubuta yadda alkamar zamani ta shigo ƙasar Hausa ya tsallake waɗannan, ya yi abin da mutanen Lawrence suka yi da jan dutse. Bambancin kawai, su sun rubuta sunayen nasu a allon tagulla. Mu ba mu rubuta na waɗanda aka tasa ba, ba mu kuma rubuta na waɗanda suka fara shukawa ba.

Kuma lokaci na ƙurewa. Wanda yake saurayi mai shekara 25 sa'ad da ruwa ya fara gudu a magudanun Kadawa, yau ya haura 70. Jami'o'inmu cike suke da ɗaliban tarihi da ake ba aikin rubuta sarautar hakimai da jerin sunayen dagatai, kamar ba a taɓa yin wani abu a ƙauye ba sai naɗi. Wa zai hana a tura su da waya su zauna da waɗannan tsofaffi? Ba sai an jira kwamiti ko kasafi ba. Mutanen Goessel manoma ne da matan gida suka tara kayan kakanninsu.

Da Sallar da ta wuce na gwada da kawuna, ƙanin mahaifiyata, a ƙauyenmu da ke kudancin Kano. Ya haura tamanin, ido ya yi rauni amma kai garau. Muna zaune a zaure bayan la'asar na ajiye waya a kan buzunsa, na ce, "Kawu, kafin a haƙa magudanar nan, me ke wurin?"

Ya yi shiru har na zaci bai ji ba. Sannan ya ɗaga sanda ya nuna gabas, kamar bangon zauren ba ya nan. Ya ce nan akwai wata kuka da ake hutawa in an dawo daga kasuwa. Bayanta burtali ne, Fulani na bi da shanu zuwa mashaya, har ya faɗi sunan ardon. Ya ce gonar mahaifinsu an raba ta biyu, aka ba su wata a wani gefe, ƙasar ba ta kai ta farko ba amma ruwa na zuwa. Ya ce shekarar farko tsoron alkamar suka yi, don malaman gona sun ce a zuba ta a layi su kuwa yafawa suka sani, mutum huɗu kaɗai suka yarda suka gwada, sauran na yi musu dariya har ranar da aka auna buhuna. Ya fara lissafa su da yatsa, ya kawo uku, na huɗun ya ɓace masa. Ya dafe goshi, ya kira matarsa daga cikin gida ya tambaye ta, ita ma ta ce yana bakinta amma ya ƙi fitowa.

Sai ya juyo wajena ya ce, "Ɗan nan, abin naka yana ɗauka har yanzu? To kada ka kashe, zai zo."